Ta Ƙofar Gaba

4 ga Yuni

Ɗana Dogo,

Ina gaishe ka, da maiɗakinka, da yaran, har da na goye da ban gani ba sai a hoto. Mu nan lafiya lau, in ka cire gwiwoyina, su kuwa na daina sa su a lissafi. Ta dama ta fi ta hagu rashin kunya. Jikata Barkono tana gaishe ka. Ta ce in gaya maka ta zo ta biyu a jarrabawa, kuma wadda ta zo ta ɗaya satar amsa ta yi. Haka ta ce, ni ban je ajin ba.

Na rubuto maka ne ban kira ba, don ka san injinan wanki sun cinye mini rabin kunne. A waya sai in yi ta cewa "to, to" ban san abin da na amsa ba. Takarda kuwa tana nan, ba mai cewa ban faɗa ba. Direban motar kayan nan da ke zuwa garinku duk mako shi zai riƙa kai mana yana kawowa.

Shawarar da dangi suka yanke na karɓa. Na yi kukana na share. Tunda likita ya ce nan gaba ko banɗaki sai an riƙe ni, ba zan mai da yarinya 'yar shekara tara 'yar jinyata ba. In an koma makaranta, Barkono za ta dawo hannunka. Tana wata bakwai uwarta ta bar mini ita ta koma ga Mahaliccinta, uban kuma ya bi duniya. Na kai ta inda ƙarfina ya kai.

Amma ba zan sa ta a mota kamar buhu in ce ga ta nan ba. Ni zan kawo ta da ƙafata, kuma kafin in damƙa maka ita akwai alkawari a wuyana. Lambun wasannin nan da ke can bayan garinku, mai babban lilo da ke juyawa kamar ƙafar keke, shekara biyu ke nan da ta yanko hotonsa a jarida ta liƙa a jikin kwaba. Na ce mata ni da ita za mu hau. Kwana biyu nake so, ni da ita, ba kai, ba kowa. Su ne kwana biyunmu na ƙarshe.

Ga aikinka. Ka kama mana ɗaki a otal ɗin da ke bakin ƙofar lambun, kwana biyu, ƙarshen watan Agusta. An ce baƙinsa ana buga musu hatimi a hannu, su fita su dawo yadda suka ga dama. Abin da nake buƙata ke nan, don tsakar rana ina so in kwanta in ɗora ƙafa a kan filo. Ka ce musu ɗaki kusa da lif, ba a can sama ba, ba a ƙarshen baranda ba, kuma kada ya zama jikin ɗakin ajiye zannuwa, don tun asuba ake buga ƙofarsa. Shekara ashirin da tara na yi ina gyaran ɗakunan otal, na san abin da nake faɗa.

Na tura maka kuɗin daga cikin na sallamata. Kada ka tambaye ni nawa ya rage.

Gwaggonka


11 ga Yuni

Gwaggo,

Na durƙusa na gaishe ki, da fatan gwiwar dama ta fara jin kunya. Takardarki ta iso, kuɗin ma sun shigo. Maiɗakina tana yi miki ya jiki, har ta fara share wa Barkono wuri a ɗakin yara. Na goye ya fara haƙori, ya hana kowa sakat. Ki ce wa Barkono na ji sakamako, na kuma ji ƙarar da ta shigar, za a bincika.

Gwaggo, na je otal ɗin da kaina. Wuri ne mai kyau, ban musa ba. Amma da matar da ke karɓar baƙi ta faɗi kuɗin kwana ɗaya, sai da na ce ta maimaita. Mutanen nan ba gado suke sayarwa ba, kusanci suke sayarwa, don sun san mai yara ba shi da yadda zai yi.

Sai na koma ga abin da na iya. Kin san aikina awon filaye ne, kuma taswirar yankin nan gaba ɗaya tana ofishinmu, wasu duwatsun iyakar ma ni na kafa su. Na shimfiɗa ta a tebur na bi duk masaukin da ke kewaye da lambun ɗaya bayan ɗaya. Na sami wani gidan baƙi mai ɗaki goma sha biyu, wani dattijo tsohon malamin makaranta ke riƙe da shi. Na je a mota na gani. Tsaf-tsaf yake, ruwa ba ya yankewa, ɗakin a ƙasa ne, babu matakala ko ɗaya. Daga tsakar gidan ana hango babban lilon kamar mutum ya miƙa hannu ya taɓa. Tsakaninsa da lambun mita ɗari shida ne, sau biyu na auna a taswira. Kuɗinsa kuwa kashi ɗaya cikin huɗu ne na wancan.

Abin da zai rage, Gwaggo, ya kusa rabin kuɗin aikin gwiwar da likita ya ce a yi miki. Kwana biyu za su zo su wuce, gwiwar kuma da ita za ki koma gida.

Na ga inda kika rubuta cewa kina so ki kwanta tsakar rana ki ɗora ƙafa a kan filo. Na fahimce ki. Bayan shekarun da kika yi kina gyara wa wasu gado, ranki yana so ke ma a gyara miki. Ba laifi ba ne, kin cancanta. Sai dai na taɓa filon dattijon nan da hannuna, wallahi yana da laushi.

Ki yi tunani ki ba ni amsa da wuri, don lokacin hutu ɗakuna ba sa jira.

Ɗanki, Dogo


15 ga Yuni

Dogo,

Gaisuwar yau gajera ce, don bakina cike yake. Muna lafiya. A ba na goye abu mai sanyi ya riƙa cizo, zai bar ku ku sarara.

Ka ji mini yaro! Wato ka karanta takardata daga sama har ƙasa, abin da ka gano shi ne kwaɗayin filo ke damuna? Dogo, filon otal na san cikinsa na san bayansa. Na san wanda aka yi wa ɓarna aka juya shi aka sa masa sabuwar riga. In filo nake so, ina da biyu a ɗakina, ba wanda ya taɓa kwana a kansu sai ni.

Bari in yi maka dalla-dalla, tunda kai sai da lamba kake ganewa. Gwiwata awa uku take yi a tsaye, a ta huɗu sai ta ajiye aiki. In na kwanta awa ɗaya na ɗaga ta sama, sai ta sake ba ni uku. Shi ke nan. In ɗaki yana kusa, ina da yini guda da jikata. In ba ya kusa, ina da rabin safiya. Kusancin nan da ka ce suna sayarwa, ai shi na zo saya.

Kuma mita ɗari shidan nan naka, daga ina zuwa ina? Zuwa katanga ko zuwa ƙofa? Ku masu awo iyakarku katanga, ku kafa dutse ku kaɗe hannu ku tafi. Ni da ƙofa na yi rayuwa. Otal ɗin da na yi wa aiki, in ka sauka daga mota ga ƙofar gaba nan, taku arba'in. Amma mu ma'aikata ba ta nan muke shiga ba. Sai mun zagaya bayan ginin, mu wuce wurin ajiye motoci, mu wuce bola muna toshe hanci, minti goma sha biyu cur. Gini ɗaya ne fa. Shi ya sa duk wanda ya ce mini wuri kusa ne, tambayata ɗaya: ta wace ƙofa?

Maganar aikin gwiwa kuma, likitan da bakinsa ya ce ko an yi, ko ta miƙe ko ta ƙi. In an yi ɗin ma wata shida zan yi a kwance, lokacin Barkono tana gidanka tana koyon kiran wata Mama. Wa zan miƙe in kai lambu a lokacin?

Gwiwa tawa ce, kuɗi nawa ne, jika ma tawa ce har ranar da zan miƙa ta. Ka kama ɗakin da na ce.

Gwaggonka


2 ga Yuli

Gwaggo,

Ina gaisuwa cikin ladabi. Allah ya sa lafiya ce ta sa na ji ki shiru. Mu nan ƙalau, haƙora biyu sun fito, gida ya dawo daidai.

Yau mako uku ke nan ina jiran amsarki. Duk ranar da direban nan ya saba zuwa sai na leƙa tasha, ba shi ba labarinsa. Na kira waya, Barkono ta ɗauka ta ce, "Kaka ta ce ba ta magana a waya, komai yana cikin takarda," ta kashe. Takarda kuwa ban ga komai ba.

Dattijon gidan baƙin ya aiko mini sau biyu cewa ɗaki ɗaya ya rage masa a ƙasa, kuma akwai mai so. Na zauna na yi tunani. Na san ki, Gwaggo. In da ba ki yarda ba, da ko tsuntsu za ki ɗaura wa takarda ya kawo mini. Sai na ɗauka kin duba maganata kin ga gaskiyarta, kunyar ce mini "ka yi daidai" ce kawai ta hana ki rubutu. Don haka jiya na je na ba shi kafin alƙalami, rabin kuɗin kwana biyun. Ya ce in an fasa ba a mayarwa, na ce ba fashi.

Sauran kuɗinki suna nan a ajiye ban taɓa ba. Na kuma je asibitin ƙashi da ke nan garin na sa sunanki a layi, sun ce watan Nuwamba.

Don ki ƙara samun natsuwa, na nemi hutun kwana biyu a ofis. In ƙafa ta gaji, ba sai kin wahalar da kanki ba. Akwai wata bishiya a tsakar gidan baƙin mai inuwa sosai, da kujera a ƙarƙashinta. Ki zauna abinki ki sha iska, ni in kai Barkono. Na riga na duba, daga kujerar ana ganin lilon sarai. In ta kai sama sai ta ɗago miki hannu.

Kin ga kowa ya samu: alkawari ya cika, gwiwa ta huta, kuɗi sun tsira.

Ɗanki, Dogo


8 ga Yuli

Dogo,

Muna lafiya. Iyakar gaisuwar da za ka samu ke nan.

Ga takardata ta sha biyar ga Yuni na haɗa maka a cikin wannan, ka ga man inji a jikinta. Motar direban ce ta lalace, ta yi mako biyu a gareji, takardar tana kwance a aljihun mota ƙarƙashin sufana. Shi na gama da shi, har yanzu in ya hango ni sai ya canja hanya. Ka karanta waccan tukuna, sannan ka dawo nan.

Ka karanta? To.

Wato in zauna a gindin bishiya ta ɗago mini hannu. Dogo, sau uku na karanta layin nan, ina cewa ko idona ne. Ni na yi mata wankan farko. Ni na kwana asibiti da ita a zaune lokacin ƙyanda. Ranar da za ta cika burinta na shekara biyu, sai in zama tsohuwar da ake ɗaga wa hannu daga nesa? Shekara ashirin da tara ina leƙen jin daɗin mutane ta tagar ɗakin da nake sharewa. Na ga yara suna tsalle a ruwa, iyaye suna dariya, ni da tsintsiya. Na ƙoshi da kallo. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba zan ɓoye maka ba, ka sa ni kuka, abin da ko dangi da suka taru a kaina ba su gani ba.

Kuma wa ya ce maka in na yi shiru na yarda? Ubanka yayana ne, je ka tambaye shi ko ya taɓa jin na yarda da abu a ɓoye.

Da na ga abin naka ya zama haka, na nemi wata yarinya da na koya wa aiki tun ba ta iya naɗe kusurwar zanin gado ba. Ashe yanzu ita ce shugabar masu gyaran ɗaki a wannan otal ɗin na bakin lambu. Barkono ce ta riƙe wayar tana maimaita mini abin da take faɗa. Baiwar Allah har da kukanta. Ta ce akwai ɗakin hutun ma'aikata a baya, kusa da wurin wanki, ta ba mu kyauta ko sisi ba zan biya ba, mu riƙa shiga ta ƙofarsu. Na gode mata, na sa mata albarka, na ce a'a. Ba zan kai jikata ta bayan bola in ce mata ga hutu ba. Ta ƙofar gaba za mu shiga, da rasit a hannuna, wani ya ce mana sannu da zuwa.

Yanzu ga abin da za ka yi. Kana da keken awon nan da kake turawa yana ƙirga mita. Ka ajiye motarka, ka ajiye taswirarka. Ka tsaya a bakin ƙofar dattijonka da tsakar rana, ka tura keken nan da ƙafarka har inda ake yage tikiti. Ba katanga na ce ba, inda ake yage tikiti. In ɗari shida ne, zan kwana a gidansa, in kuma ba ka haƙuri a gaban matarka. In ba haka ba ne, ka san abin da ya rage maka.

Hutun da ka ɗauka kuma ka mayar musu da abinsu.

Gwaggonka, ko ka so ko ka ƙi


15 ga Yuli

Gwaggo,

Ina gaishe ki, kaina a ƙasa. Kowa lafiya. Maiɗakina ta karanta takardunki biyu ta ce in gaya miki tana bayanki, kuma tun ranar ba ta daina yi mini dariya ba.

Ranar Asabar na yi yadda kika ce. Na tashi daga ƙofar dattijon ƙarfe goma sha biyu daidai. A mita ɗari shida cif na isa katangar lambun. Awona bai yi ƙarya ba. Sai dai bayan lambun ne, inda injinan wuta da tankunan shara suke. Ƙofa ɗaya ce a wajen, wata 'yar ƙaramar ƙofar ƙarfe ta ma'aikata. Na roƙi mai gadi, ya dube ni ya dubi kekena ya ce, "Malam, zagaya."

Na zagaya. Na bi katangar nan babu inuwa ko ta tafin hannu, na tsallake babban titi ta gadar sama mai matakala arba'in da shida hawa, arba'in da shida sauka, na ratsa wurin ajiye motoci da ba ya ƙarewa. Da na isa inda ake yage tikiti, keken ya nuna mita dubu huɗu da ɗari uku. Rigata kamar an tsoma ta a ruwa. Akwai bas da ke zagayawa, amma sau ɗaya a awa, kuma na ga yadda ake turereniya a kansa. Shekara goma sha ɗaya ina awo, ban taɓa tambayar ina ƙofa take ba, don ba a biyana in tambaya. Ki yafe mini, musamman maganar bishiya.

Daga nan na wuce otal ɗin, kuma labarin ba daɗi. Jinkirin da na jawo ya sa ɗakunan kusa da lif sun ƙare. Ɗaya ya rage: hawa na huɗu, ƙarshen baranda, jikin ɗakin ajiye zannuwa. Duk abin da kika ce kada a yi, ga shi a ɗaki ɗaya. Kuɗin ma ya ƙaru saboda hutu. Na tura kekena a barandar, ma'aikata suna kallona, mita hamsin da takwas ne daga lif, wajen taku ɗari da goma irin naki.

In aka kama shi, aikin Nuwamba ba zai yiwu ba, sai baɗi in Allah ya hore mana. Gwaggo, ba rowa ce ta sa na yi abin da na yi ba, tsoro ne. Ke kika goya ni shekara guda lokacin da mahaifiyata take kwance. Ina tsoron ranar da zan zo in same ki kina jan jiki a ƙasa, in tuna cewa kuɗin suna hannuna na kai wa otal.

Na faɗi nawa. Ban biya ba, na roƙe su su riƙe mini ɗakin kwana bakwai. Wannan karon sai na ga rubutunki.

Ɗanki, Dogo


19 ga Yuli

Ɗana Dogo,

Gaisuwa cikakkiya yau, kai da mai hankalin gidanka da yara. Muna lafiya.

Ka kama shi. Baranda ba baƙuwata ba ce, na tura amalanken zannuwa a wadda ta fi wannan tsawo sau dubu. Taku ɗari da goma a kan kafet, da bango a gefe ina dafawa, wannan ai gata ne.

Tsoronka na ji shi, kuma ni ma ina da irinsa, kada ka ɗauka ba ni da shi. Amma in jan jikin ne rabona, gara in ja ina tuna na hau lilon nan, da in miƙe ina tuna na zauna a gindin bishiya.

Kafin alƙalamin da ya tafi wurin dattijo kuwa daga aljihunka zai fita. Kuɗin makarantarka ne.

Gwaggonka


6 ga Satumba

Ɗana Dogo,

Ina gaishe ku duka, yanzu har da tawa a cikinku. Na iso gida lafiya. Ranar da ka zo ɗaukar Barkono a bakin otal ban iya yi maka magana ba, ka gani da idonka, don haka ga labarin a takarda.

Da motar haya ta sauke mu, ka san abin da ƙafafuna suka yi? Suka kama hanyar lungun gefen ginin da kansu, wajen da na hango tankunan shara. Sai da Barkono ta ja mini mayafi ta ce, "Tsohuwa, ina za ki? Ga ƙofa can." Na juyo. Wani mai jar hula ya buɗe mana ƙofar gilas ya ce sannunku da zuwa, ya karɓi jakata. Saura kaɗan in ce masa ya bari zan iya. Na dake, na wuce kamar na saba.

Barandar taku ɗari da ashirin da uku ce, ba ɗari da goma ba, ka gyara kekenka. Ƙofar ɗakin zannuwa kuwa tun asuba suka fara buga ta kamar yadda na faɗa. Ko a jikina.

Lissafina bai kuskure ba. Awa uku muna ciki, mu fito da hatiminmu a hannu, in kwanta awa ɗaya ƙafa a sama, ita tana tsaye a taga tana ba ni rahoton abin da ke gudana, mu koma. Mun hau ƙaramin jirgin ƙasa sau huɗu. Mun shiga kwale-kwalen da ke jiƙa mutane. Akwai wani mai wulwula mutum kamar ana wanki a inji, wannan na ce na gode, na yi aiki da irinsa.

Lilon kuwa sai yammacin rana ta biyu, don ta ce a bar mai daɗi ƙarshe. Da muka fara tashi ta ƙanƙame hannuna. Da muka kai can ƙoli abin ya tsaya. Na leƙa ƙasa bayan katanga, sai ga wani gida da bishiya a tsakarsa, da kujera a ƙarƙashi ba kowa a kai. Gaskiyarka, Dogo, kusa ne, in da ni tsuntsuwa ce. Barkono ta ce, "Kaka, kina tsoro?" Na ce a'a. Ta ce, "To me ya sa kike kuka?" Na ce iska ce. Ta ce ita ma iskar ce.

Kada ka tambaye ni ko na yi nadama. Kwana uku na yi ban taka ƙasa ba bayan na dawo, maƙwabciya ce ke miƙo mini ruwa. Nuwamba za ta zo ta wuce ba ni a layi. Na sani tun kafin in tafi, kuma in za a sake, haka zan sake.

Safiyar da za mu fita daga otal, Barkono ta ce in bar gadon yadda yake, ni baƙuwa ce. Na yi ƙoƙari wallahi. Har mun kai lif na ce na manta abu, na koma duk takun nan, na cire zannuwan na tara su wuri ɗaya, na haɗa tawul a baho, yadda mai gyara ba za ta sunkuya sau biyu ba. Hannuna ya ƙi bari.

Ka kula mini da ita. Ba ta cewa tana jin yunwa, sai dai ta fara neman faɗa. In ta yi shiru kuma, ba yarda ta yi ba, jinina ce.

Ranar da muka bar gida saurin tafiya ya sa ta tashi ta bar gadonta a hargitse, bargo a ƙasa, filo a karkace da shaidar kanta a jiki. Haka na dawo na same shi. Jiya maƙwabciya ta miƙa hannu za ta gyara, na ce ta taɓa ta gani. Shekara ashirin da tara ban taɓa wuce gado a hargitse ba, Dogo. Wannan ba zan gyara shi ba.

Gwaggonka